Ranar da likita ta tambaye mu ko za mu yarda mu ajiye magani

Salamu alaikum 'yan uwa. Sunana dai ku bar shi, a asibiti Anti kawai ake ce min, kuma dangin mijina har gobe ba su san ina ɗauke da cutar nan ba, to kun ga dalili. A Jos aka haife ni, a Jos na yi aure sau biyu, kuma shekara 18 ke nan ina shan maganin HIV, tun 2007 da aka gano a wurin awon cikin 'yata ta fari. Aikina yanzu, in ma aiki za a kira shi don alawus ne da ba ya kai tsakiyar wata, shi ne bin sawun waɗanda suka daina zuwa karɓar magani. A ba ni lambar waya da kwatancen gida, in hau Keke in je in lallaɓo mutum. Bayan salati babu abin da ya fi fita daga bakina kamar "kar ki tsallake ko rana ɗaya." To ku ƙiyasta yanda na ji ranar da likita guda, mai digiri da komai, ta tsaya gabanmu ta ce wai za mu yarda mu ajiye maganin da gangan?

Amma bari in faro daga baya, don in ban gaya muku abin da ajiye magani ya yi min ba, ba za ku gane me ya sa jikina ya ɗau rawa a wurin ba.

Mijina na farko kayan gwari yake sayarwa a kasuwar Farin Gada, tumatir da kabeji da karas. Shi ya ƙi gwaji har tarin fuka ya kwantar da shi, ya rasu a 2008, Allah ya jiƙansa, ban riƙe shi da komai ba. Ni aka ɗora ni kan magani, irin na da, safe da yamma, wanda ke zuƙe wa mutum kumatu har a gane shi daga nesa. 'Yata Ummi ta fito lafiya lau ba ta ɗauka ba. Na riƙe maganin nan kamar sallah. Sai ga rikicin Janairu 2010. Duk ɗan Jos ya san kwanakin nan, ranar Lahadi 17 ga wata abin ya tashi daga Nasarawa Gwom, kafin ka ce kwabo gari ya kama, aka sa dokar hana fita ba dare ba rana. Na goya Ummi na fita da zanin jikina da hijabi da silifas wari da wari. Robar maganina tana cikin tukunyar tasa a ƙarƙashin gado inda nake ɓoye ta, wallahi sai da muka wuce Tilden Fulani a bayan wata motar itace sannan na tuna da ita.

A wani ƙauye wajen Toro muka sauka gidan ƙanwar babata. Sati bakwai na yi. Kuma abin haushin ba wai babu asibiti ba ne a jihar Bauchi, akwai, bakina ne ya kasa buɗewa. In ce musu me? In ce a ba ni kuɗin mota zan je karɓar maganin me? Sai na yi shiru na ce ai Allah na nan. Sati biyun farko lafiya ƙalau nake ji, har ma na fi jin daɗin jikina don babu jiri babu tashin zuciya, shaiɗan ya fara raɗa min ko dai na warke ne. A sati na huɗu zazzaɓi ya fara, kaluluwa ta fito min a wuya, bakina ya yi fari fat a ciki kamar an shafa nono, ko kunu na haɗiya sai na yi hawaye. Sai wasu ƙuraje masu ruwa suka zagaye min haƙarƙari gefe ɗaya, zafinsu kamar an ɗora garwashi, Inna ta ce ai wannan jifa ne, aka kawo min rubutu da hayaƙi. Na sha rubutun don ayar Allah ce, amma ni na san abin da ke cina.

Da na dawo Jos na koma kan maganin, sai ya ƙi aiki yanda ya kamata. Daga baya wani likita ya zaunar da ni ya yi min bayani, ya ce cikin magunguna ukun da nake sha akwai nebirafin, shi yana daɗewa a jini bayan sauran biyun sun fita, to sai ya rage shi kaɗai gaban ƙwayar cutar, ita kuma ta samu sarari ta koyi yanda za ta kauce masa. A 2011 aka mayar da ni layi na biyu, wato maganin da ake komawa in na farko ya daina aiki, manyan ƙwayoyi masu sa gudawa, shekaru na yi ina fama da su kafin a zo zamanin TLD, ƙwaya ɗaya tal a rana. Ni bayan sallar asuba nake sha don in na sha da dare ba na barci. Sati bakwai kacal fa, amma sai da na biya bashinsu shekara da shekaru.

A 2014 na sake aure. Malam tela ne, ba ya ɗauke da cutar, kuma ya sani tun kafin a kai kuɗin gaisuwa don ni na gaya masa da bakina a zauren gidanmu ina jiran ya tashi ya tafi, bai tafi ba. Muna da yaro ɗaya, Abba, shi ma lafiyarsa ƙalau. Abin da ya riƙe auren nan bayan ikon Allah shi ne takardar bairal lod ɗina, wato gwajin yawan ƙwayar cutar a jini. In mutum na shan magani har ƙwayar ta kwanta ba a ganinta a gwaji, ba ya sa wa abokin kwanciyarsa, wannan ba faɗar Anti ba ce, bincike ne ya tabbatar. Malam har ya haddace, duk lokacin da na karɓo rizal sai ya ce "Maman Abba, tana barci?" in ce tana barci.

To sai wannan shekarar ta 2025. Kun dai san abin da ya faru a Janairu da sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bai wa ƙasashen waje, alhali shirinsu na PEPFAR shi ke ɗauke da babban kaso na maganin da muke sha. Kwanakin nan wayata ba ta huta ba. Mata na kira suna kuka, wasu sun fara raba ƙwaya biyu, wasu suna sha yau su tsallake gobe wai don ya kai su, ni kuma ina bin su ina roƙo, alhali ni kaina alawus ɗina ya tsaya kuma ina ƙirga nawa ƙwayoyin a kan darduma da dare. Ana cikin wannan zaman ɗarɗar, bayan ƙaramar sallah, aka gayyace mu wani zama, mu kusan talatin daga ƙungiyoyin masu ɗauke da cutar, Musulmi da Kirista, a wani ɗan zauren taro. An ce masu bincike ne ke son jin ra'ayinmu. Mu dai mun ji akwai kuɗin mota da shinkafa, muka je.

Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar ƙanwata ba, Hausarta ta kasuwa ce don haka aka sa mata tafinta. Tun farko ta ce ba gwaji ta zo ɗaukar mutane ba, babu allura babu magani, tambaya kawai ta kawo. Ta yi bayani da Turanci mai tsawo, tafinta ya juyo ya ce, "Likita ta ce wai za ku yarda ku daina shan magani don a gani ko kun warke?"

Kai! Wurin ya kaure. Wata Maman Ladi daga Tudun Wada ta miƙe ta ɗaura ɗankwali ta ce ita a ba ta kuɗin motarta ta tafi, ƙanwarta haka aka ce mata a gidan addu'a, ta zubar da magani a masai don nuna bangaskiya, wata takwas aka binne ta. Wani Alhaji ya ce dama ya faɗa, tallafi ya ƙare shi ne aka zo da dabara a yaye mu. Ni ban yi magana ba, haƙarƙarina kawai na ji yana min zafi daidai inda tabon ƙurajen nan yake. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Sai da aka sha ruwa aka lafa sannan ta sake ɗaukowa a hankali, kuma gaskiya yarinyar ta iya bayani, tafintan ne ya yi mata gaggawa. Ta ce maganin da muke sha yana hana ƙwayar hayayyafa ne, amma ba ya kai wa ga waɗanda suka shige cikin wasu ƙwayoyin garkuwar jiki suka lafe suka yi lamo. Suna nan shekara da shekaru kamar irin ciyawa a ƙasa lokacin rani, ana ɗauke magani sai su tsiro, yawanci cikin sati biyu zuwa huɗu an fara ganinsu a jini. Ni da na ji "sati huɗu" sai na ce a raina yarinya ba ki yi ƙarya ba, ni shaida ce. Ta ce matsalar masu neman maganin warkewa ita ce har yau babu wani gwajin jini da zai tabbatar maɓoyar nan ta ƙare. Ta ba mu labarin wata jaririya a Misisifi ta Amurka da aka haifa a 2010, aka fara mata magani tana da awa 30 a duniya, daga baya aka daina ba ta, ta yi wata 27 ba a ga ƙwayar ba har duniya ta fara murna, sai a 2014 ta dawo. Don haka in an gwada wani sabon abu a jikin mutum, hanya ɗaya ce za a san ya yi aiki, a ɗauke maganin kullum a zuba ido. In ruwa bai sauka ba, ba ka sanin rufin ɗakinka na yoyo.

Wani yaro ya tambaya to an taɓa warkewa ma kuwa? Ta ce an taɓa, amma ana ƙirga su da yatsu. Na farko Timothy Ray Brown, wanda ake ce wa majinyacin Balin, babban birnin Jamus, a 2007 aka yi masa dashen ɓargo saboda sankarar jini, aka dace wanda ya ba da ɓargon jikinsa ba shi da wata ƙofa da ƙwayar ke bi ta shiga, CCR5 suke ce mata. Ya rayu ba magani har 2020 da sankarar ta dawo ta ɗauke shi. Sai na Landan, Adam Castillejo, da aka sanar a 2019. Amma ta ce dashen ɓargo shi kansa yana kisa, ba a yi wa mai lafiya, sai wanda sankara ta riga ta kama. Abin da ya fi kusa da mu shi ne na Afirka ta Kudu, a birnin Durban, inda aka gwada mata 20 waɗanda aka fara wa magani kwanaki kaɗan da kamuwarsu, aka ba su wasu sinadaran garkuwa da aka haɗa a ɗakin bincike da wani magani mai zaburar da garkuwar jiki, sannan aka ajiye musu maganin kullum ana auna su. A watan Maris na 2025 aka faɗi sakamako, huɗu daga cikinsu sun haura shekara ba su koma kan magani ba. Ita tana faɗin huɗun da murna a fuskarta, ni kuma ina lissafin sha shidan.

Alhajin nan bai haƙura ba. Ya ce Likita, mu 'yan Arewa ba yau aka fara gwaji a kanmu ba, ya kawo maganar Trovan, maganin da kamfanin Pfizer ya gwada a Kano a 1996 lokacin annobar sanƙarau, yara 200 aka sa a gwajin, 11 suka mutu, aka yi ta shari'a shekara da shekaru. Wani ya ƙara da Yahya Jammeh na Gambiya da ya tashi a 2007 ya ce shi yana warkar da cutar da ganyaye, ya sa mutane suka ajiye magani. Abin da ya burge ni ba ta kare kowa ba. Ta ce duk gaskiya ne, har ma ta ƙara mana da wanda ba mu sani ba, wani babban bincike mai suna SMART da ya haɗa mutum sama da 5,000 a ƙasashe 33, inda aka gwada ko mutum zai iya riƙa hutawa da magani ya koma in garkuwarsa ta sauka, a 2006 aka tsayar da shi tun bai ƙare ba don masu hutawar sun fi kamuwa da ciwo da mutuwa. Ta ce shi ya sa na yanzu ba haka ake yi ba, ana auna jini kusan duk sati, akwai iyakar da aka gindaya tun farko, in ƙwayar ta haura ta ko CD4, wato ma'aunin ƙarfin garkuwar jiki, ya sauka ko mutum ya ce shi ya fasa, nan take a mayar da shi kan magani. Kuma ba a ɗaukar mai ciki ko mai shayarwa, ba a ɗaukar mai ciwon hanta nau'in B don maganin namu shi ke danne wannan ma, in an ɗauke hanta na iya tashi.

Daga nan ne zancen ya yi daɗi, don mutane sun daina faɗa sun fara magana. Kuma wallahi ban zaci abin da na ji ba.

Wani dattijo Birom da muke ce wa Baba, tsohon ma'aikacin reluwe, ya haura saba'in, ya ɗaga hannu ya ce shi a rubuta sunansa na farko. Ya ce maganin da yake sha yau ai a jikin wasu aka gwada shi, wasunsu sun mutu ba su san sunansa ba, to shi me ya rage masa da zai yi rowar jininsa? Sai yaron nan, ɗan shekara 21, ɗalibi, da cutar aka haife shi. Ya ce, "Anti ku kun san rayuwa kafin magani, ni ban taɓa wayar gari ban haɗiyi ƙwaya ba, a makarantar kwana a banɗaki nake sha kamar ɓarawo. Ko wata uku ne a ba ni in ji yanda mutane ke ji." Na kalli yaron nan na kasa ce masa komai. Ni da na zo da wa'azina a baki.

Amma wadda ta tsayar da zauren cik wata Hajiya ce mai niƙabi da tun safe ba ta ce uffan ba. Likita ta gama bayanin cewa in ƙwayar ta farka lokacin hutun mutum zai iya sa wa abokin zamansa, an ma taɓa samun hakan a irin wannan bincike, don haka ake ba abokin zaman maganin kariya na PrEP da kwaroron roba. Hajiya ta ce, "Likita, wane abokin zaman? Mu uku ne a gidan. Maigida ya sani, uwargida ba ta sani ba, amarya kuma goyo take yi. In ta farka a jikina ta bi ta kansa, kwana biyu yana ɗakin amarya, daga nan sai nono. Fom ɗin naku layin sa hannu nawa gare shi?"

Likita ta yi shiru, sannan ta ce layi ɗaya ne. Ta rubuta wani abu a littafinta mai tsawo.

Nan na samu bakin magana. Na ce Likita ni tambayata ta rizal ce. Kin ce ana auna jini duk sati. Mu nan in an ɗebi jinin bairal lod wani lokaci sai an yi wata ɗaya ko fiye kafin takarda ta dawo, wani lokacin a ce samfur ya lalace a sake. To in tawa ta farka ranar Talata, yaushe zan sani? Kuma mace ta fita duk sati zuwa asibiti, me za ta ce wa uwar miji da maƙwabta, mu da muke murna an koma ba mu na wata uku ko shida don mu rage zirga-zirga? Sannan na ce, wannan garin Jos ne fa. Ana iya kwana lafiya a tashi da dokar hana fita, ko a 2021 an yi. In aka rufe gari ina tsakiyar hutun magani, wa zai tsallako shingen sojoji ya kawo min? Na ba su labarin Toro, karo na farko da na faɗe shi a gaban maza. Wata kuma ta kawo maganar kuɗi, ta ce a yanda mudun shinkafa ya koma yanzu, in aka ce akwai alawus duk sati ai ko mai ciki sai ta ɓoye cikin ta shiga, ba don ta fahimta ba, don yara su ci.

Abin dariya, da aka tashi na tsaya na tambayi likitar a gefe, na ce to ni in ana yi za ku ɗauke ni? Ta tambayi tarihina, ta ce gaskiya Anti da wuya, mai tarihin bijirewar magani kamar naki ba a cika sa shi ba, kuma an fi neman waɗanda aka fara wa magani da wuri. Baba ma shekarunsa sun yi yawa. Wato mu da muka fi kowa zafi a zauren, da mai cewa a rubuta shi da mai cewa a ba ta kuɗin mota, yawancinmu ba da mu za a yi ba. Da irin yaran da suka kamu jiya za a yi, waɗanda ba su taɓa ganin yanda ake mutuwa a 2005 ba.

Na roƙe ta abu ɗaya, na ce don girman Allah ku gyara kalmar. Kar a sake cewa "daina shan magani" a gaban mutanenmu. A ce ajiyewa na ɗan lokaci a ƙarƙashin idon likitocin bincike, kuma a riƙa maimaita cewa ba a gida ake yi ba. Don na san halinmu, magana in ta fita daga zaure ba ta isa bakin titi da kayanta.

Ai kuwa ko sati uku ba a yi ba. Aka ba ni sunan wata yarinya da ta wuce ranar karɓar maganinta, mai lalle ce a wajen Gangare, shekara biyu tana zuwa ba fashi. Na same ta a tsakar gida tana zana wa wata amarya ƙafa, na zauna kamar mai jiran layi har aka watse, sannan muka shiga ɗaki ta sakaya labule. Na ce ƙanwata lafiya? Ta ce lafiya lau Anti, ai hutu nake. Ta ɗauko waya ta kunna min wata murya da aka turo a guruf ɗin WhatsApp, muryar namiji, yana cewa manyan likitoci sun zo Jos sun tabbatar duk wanda ƙwayarsa ta kwanta zai iya ajiye magani, a Afirka ta Kudu ma mata sun warke, Turawa ne ke ɓoyewa don a ci gaba da ciniki. Minti biyu da 'yan daƙiƙu. Duk abin da aka faɗa a zauren nan yana ciki, amma an cire auna jini duk sati, an cire sinadaran da aka ba matan, an cire sha shidan. Kuma na gane muryar, yana zaune a layi na biyu ranar, har ya ci shinkafa ya nemi ƙari.

Kwana 19 ta yi ba ta sha ba. Ta ce Anti ni fa garau nake ji, har na fi jin ƙarfi. Na ce na sani. Ban yi mata wa'azi ba, na miƙe na ɗaga rigata na nuna mata tabon haƙarƙarina, na ce nima a kwana na 19 garau nake. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce mijinta fa? don shi ba ya ɗauke da ita kuma ba su amfani da komai tunda aka ce mata ta kwanta. Na ce shi ya sa ba gobe za mu je ba, yanzu za mu je. Da lallen mutane a hannunta muka hau Keke. An mayar da ita kan magani, shi ma an san dabarar da aka yi aka gwada shi, aka sake gwadawa daga baya, Allah ya rufa asiri. Na kira likitar na gaya mata, ta yi ta ba da haƙuri kamar ita ta yi muryar, daga baya ta turo mana gajeren bayani da Hausa muka yi ta turawa guruf guruf, amma kun san gyara ba ya gudu kamar ɓarna.

Duk da haka in kun tambaye ni yau, ban ce a daina binciken ba. Janairun nan ya koya min cewa maganin da wani ke biya maka daga wata ƙasa, ranar da ya ga dama zai iya rufe jaka, kuma mu kusan miliyan biyu ne a Najeriya. In ba a nemo abin da zai raba mu da ƙwayar kullum ba, jikokinmu ma haka za su zauna suna sauraron labaran Amurka da faɗuwar gaba. Kuma na fi so a gwada a jikin da ya yi kama da namu, a garin da ya yi kama da namu, da a gama a can a kawo mana abin da ba a san yanda zai yi da mu ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kawo fom mai layi ɗaya gidan da ke da ɗaki uku, ko a ce za a sa ido alhali idon sai bayan wata yake buɗewa.

Da daddare bayan na dawo daga Gangare na ba Malam labarin duka yana kan keken ɗinki yana ƙarasa wata riga, wuta ta ɗauke yana yi da fitilar waya a baki. Na ce Malam, da a ce za su ɗauke ni, za ka bari? Ya cire wayar daga baki ya ce shi ba zai hana ni abin da zai amfani al'umma ba, in an ce ya sha maganin kariya zai sha, in an ce a haƙura da juna na wata shida ma zai haƙura, ai azumi ma ana yi. Ya ɗan taka keken ya tsaya. Ya ce, "Amma su zo su tambaye ni da bakinsu. Kar su aiko ki."

Washegari na tura wa likitar wannan maganar tasa yanda ya faɗe ta, ta ce za ta sa a rahotonta. Yaron nan ɗalibi kuma har yanzu yana kirana duk bayan kwana biyu yana tambaya ko an fara ɗaukar mutane, ni kuma kafin in amsa sai na tambaye shi ko ya sha na yau.